A Yamai Ban Sami Wanda Zan Gaisar Ba

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A majalisa, a ƙofar masallaci, har a wurin ta'aziyya sai wani ya matso ya rage murya ya ce, "Nasiru, yaya gudun? Ina kofin?" In na ce sai godiya, su ce rowa nake yi da labari. Na gaji da bayar da shi guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya karanta ya yi mini alheri ya daina tambayata, don ba labari ne mai daɗin maimaitawa ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan gidan malamai ne a nan Illela. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar makaranta, wana Malam Aminu ke riƙe da ita yanzu. Ni ne na fita daban. A sakandare ba a taɓa shan gabana a tseren dogon zango ba, har Sakkwato aka kai ni sau biyu. Ranar da wani mai son a sani ya kai wa mahaifinmu hotona da gajeren wando, ya kira ni ya ce ɗansa ba zai ƙara tsayawa gaban jama'a da cinya a waje ba. Bai ɗaga murya ba, ni ma ban yi musu ba. Na ajiye gudu ina da shekara ashirin da biyu, na buɗe shagon yadi, na yi aure, na yi tumbi. Shekara goma sha tara ban yi gudun da ya wuce na tsere wa ruwan sama ba.

Da aka rufe iyaka, masu sayen yadina, waɗanda yawancinsu daga Ƙonni suke zuwa, suka ɗauke ƙafa. Ina buɗe shago in zauna in kalli titi har la'asar. Daga baya ma na daina buɗewa. Sai in kwanta a ɗaki ina kallon rufi, ba barci, ba magana, abinci ya huce a gabana. Matata Hadiza ce ta matsa na je asibiti. Likita ya ce jinina ya hau, ya ba ni magani, ya ce in riƙa ɗan tattaki da safe.

Tattakin ne ya zama gudu. Wata safiya bayan sallar asuba na bi hanyar gonaki ta wajen Araba, na duba gaba da baya ban ga kowa ba, na ɗaga ƙafa. Ban kai ƙarshen gona biyu ba na tsaya ina tari kamar tsohon babur. Amma ranar na ci abinci, na yi barci. Washegari na koma. A hankali abin ya miƙe: kilomita uku, biyar, goma. Na sa wani ɗan kabu-kabu ya auna mini kewayen da babur ɗinsa, na ƙara masa tsawo har ya kai ashirin da ɗaya. Cikin wata goma sha huɗu na kai ga ina zagaye shi duka. Da dogon wando nake yi, don maganar mahaifina ba ta bar kunnena ba. Ina da agogo mai lissafin lokaci, kuma ina da gaskiya da shi: in na haɗu da dattijo a hanya na tsaya gaisuwa, sai in danna in tsayar da shi, in mun gama in sake dannawa. A ganina gaisuwa ba gudu ba ce, bai kamata ta shiga lissafi ba. Agogon ya ce ina gama kewayen a awa biyu da 'yan mintuna. Na yarda da shi.

Sai na ji za a yi tseren kilomita ashirin da ɗaya a Yamai, kowa na iya shiga, an ba da awa uku a gama. Na ƙudura in na yi wannan, baɗi in nemi na arba'in da biyu, wanda tun ina saurayi nake mafarkinsa. Kafin in gaya wa kowa, maganar ta riga ni zuwa zauren Malam Aminu. Ya aika aka kira ni.

"Nasiru, mutane na magana," ya ce. "Jiya wani dattijo yat tare ni, yac ce in yi maka rubutu, wai ƙanena ya samu taɓuwa."

"Yaya Malam, likita na yac ce in motsa jiki."

"Likita yac ce ka tai Yamai?"

Ya ce shi ya tsufa, ajin manya na bayan asuba, inda 'yan kasuwa ke ɗaukar karatu kafin su fita, ya fi ƙarfinsa, kuma ni ne ya kamata in riƙe. Lokacin ajin shi ne lokacin guduna, babu wani. Da rana zafi, da yamma idon jama'a. Zuciya ta ɗebe ni na ce, "Ka bar ni in tai wanga guda. In na ƙare cikin lokacin da sunka sa, ka ƙyale ni in ci gaba. In ban ƙare ba, na bar gudu, in zamna in kama maka aji."

"Kai kah hwaɗi, ba ni ba."

"Ni nah hwaɗi."

Na fito ina jin na yi wayo, don a lissafina ina da rarar kusan awa guda. Ban tsaya na tuna abin da na ɗora a kan tabarma ba. Gudun nan shi ne kaɗai abin da ya fito da ni daga ɗaki, kuma na san in ya tafi ɗakin yana nan yana jirana.

Ranar tafiya Hadiza ta soya mini nama ta ƙulle a leda, ta ce Allah ya tsare. Na hau kabu-kabu zuwa bakin iyaka, wadda a lokacin an sake buɗe ta. Na tsallaka wurin nan ya fi a ƙirga, amma kullum da ƙunshin yadi, kowa ya san abin da ya kawo ni. Wannan karon jaka ce ƙarama. A ɓangaren Nijar wani matashin jami'i ya buɗe ta, ya ciro takalman gudu ya juya su, ya tambaye ni inda na nufa. Na gaya masa. Ya dubi furfurar gemuna, ya dubi cikina, ya ce cikin ladabi, "Baba, kai da kanka?" Ba da raini ya faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Ban taɓa jin baligi mai gemu ya kira ni Baba ba sai ranar. Ya mayar mini da takalman da hannu biyu, ya yi mini fatan sa'a.

A Ƙonni na fara ganin bambanci. Mu a nan mota ba ta tashi sai ta cika, ko da za a wuni. Su babbar motarsu, wadda suke kira kar, tana da lokaci, kowane tikiti da lambar kujera, in lokaci ya yi ta tashi ko da rabinta iska ce. Na san haka, amma a ƙofar tashar na yi kiciɓis da wani tsohon mai sayen yadina. Muka shiga gaisuwa, ina gida, ina yara, yaya bayan rabo, yaya jikin tsohuwa. Ina ɗaga kai na ga motar ta fara ja. Na bi ta a guje da jaka a hannu, yaran tasha suna dariya, na buga ƙofa aka buɗe. Na zauna ina haki. Maimakon abin ya ba ni tsoro, sai na ji daɗi cewa na kamo mota da ƙafa.

Kujerar kusa da ni wata dattijuwa ce, Hajiya Rabi, mai kai turaren wuta Yamai. Ba a yi nisa ba ta san sunana da na mahaifina da yawan 'ya'yana. Da ta ji abin da ya fito da ni, ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

"Ana biyan ku?"

"A'a, Hajiya."

"Wanda yaz zo na ƙarshe, mi a ka yi mai?"

"Ba a yi mai komi."

"To mi ka kai ka, ɗana? Gudu ya ƙare Illela?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani na kasa. Ta ba ni dabino, ta ce ita ma mijinta da ya yi ritaya ya kama kiwon tantabaru har ya mutu, maza in zama ya ishe su ba abin da ba sa yi. Ta faɗa da tausayi, na karɓa a haka.

Hanyar tana da tsawo kuma ba ta da abin kallo. A kowane shinge sai kowa ya sauka, a nuna kati, a taka da ƙafa a tsallake, motar ta biyo baya. Mun yi azahar a Dogon Dutsi. Bayan nan taya ta fashe, muka zauna a gindin wata bishiya fiye da awa guda. Da na miƙe na ji gwiwata ta hagu ta sandare saboda zama, na riƙa lanƙwasa ta a ɓoye kada Hajiya ta gani. Ta gani. A Dosso Hausa ta fara ƙaranci a bakin masu talla, Zabarmanci ya karɓe. Na tambayi Hajiya yadda suke gaisuwa ta ce in ce fofo. Na yi ta maimaita kalmar a zuci, don ban san yadda mutum zai zauna a gari bai iya gaida mutanensa ba.

A Yamai taubashina Ilu ya tarbe ni. Albasa yake sayarwa, ya shekara goma sha biyu a can. Yana ganina ya fara abin da ya saba.

"Ga bawana ya iso. An ce kai za ka ciwo muna suna. Da wanga cikin?"

"Cikin na ubangidanka na, ka yi mai ladabi."

Ɗakinsa yana bayan rumbun albasa, su huɗu suke kwana a ciki, duk mutanen wajenmu. Warin albasa ya kama tabarma, ya kama bargo, kafin safiya ya kama ni. Suka karrama ni da dambun zogale da shinkafa, da safe kuma burodin nan nasu dogo mai tauri, an tsaga shi an cusa wake da mai. Ya yanke mini dasashi amma na cinye. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne titi. Da sassafe na leƙa na ga mutane suna gudu a bakin kwalta, maza da gajeren wando, har da mata da ɗankwali, masu shayi suna ta harkarsu ba wanda ya ɗaga kai. Ba wanda ya tambaye su lafiya. Na yi musu hassada ƙwarai. Na ce a raina ga garin da ya dace da ni.

Wurin rajista sun nemi takardar likita. Tawa da Turancin Ingilishi take, matar da ke teburin ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ta miƙa wa na kusa da ita, shi ma ya miƙa wa wani. Na tsaya gumi yana bin bayana ina tunanin a nan tafiyar za ta ƙare. Can wani ya gane hatimin asibiti ya ce ta yi. Aka ba ni lamba da riga. Da sun mayar da ni a ranar, da na dawo da fushi da mutuncina, kuma da yau ina nan ina gudu.

A layin na haɗu da wani dattijo Bazabarme, siriri, kansa fari fat, ya ce sunansa Hamani, tsohon ma'aikacin gidan waya. Hausarsa tana ɗingishi amma muna fahimtar juna. Ya ce shekara talatin yana gudu. Ya tambaye ni lokacina, na faɗa da ɗan alfahari. Ya dube ni daga sama zuwa ƙasa.

"Ba tsayawa?"

"Ba tsayawa," na ce. Wallahi ba ƙarya na yi niyyar yi ba, haka na ɗauka.

"To kai gaba, ni baya," ya ce, ya yi dariya.

Ranar tseren muka taru tun hantsi bai yi ba. Mutane sun yi yawa, sojoji da ɗalibai da Turawa 'yan kaɗan. Ni kaɗai na gani da dogon wando. Aka busa, muka tashi. Kilomita uku na farko ban taɓa jin daɗi irin nasu ba. Ina wuce samari, iska tana shiga rigata, na ji kamar shekarun nan goma sha tara ba a yi su ba. Muka hau gada, kogi yana ƙasa, ban ko kalle shi ba.

Wajen kilomita na biyar jikina ya fara neman wani abu da ban gane ba. Ba gajiya ba ce sosai. Ƙafafuna ne suke sassautawa da kansu, kamar jakin da ya iso ƙofar gidan da ya saba tsayawa. Na matsa musu. A na bakwai numfashina ya fara fita da ƙara, kwalta tana dukan tafin ƙafata, ni da na saba da rairayi. Na lura idona yana bin fuskokin mutanen da ke bakin hanya ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi kaina wa nake nema a garin da ban san kowa ba. Amsar ta zo mini a tsakiyar titi. Wanda zan gaisar nake nema.

A gida ba na yin kilomita biyu ban tsaya ba. Ga mai gona ya ɗago daga kan fartanya, ga liman yana dawowa daga masallaci, ga masu kai kaya kasuwa a kan amalanke. Duk sun san mahaifina. Ɗan Malam ba ya wuce babba a tsaye, balle a guje. Sai in tsaya, in rusuna, a tambayi gida da yara da Malam Aminu, a yi addu'a, wani ma ya ba ni ruwa. Kafin in tashi numfashina ya dawo, ƙafata ta huce. Ni kuma na danne agogo, na shafe wannan duka daga lissafi. Wata goma sha huɗu ina hutawa a gaban dattawa ina kiran abin ladabi. Ban taɓa gudun kilomita ashirin da ɗaya ba. Ko biyar ban taɓa yi a jere ba tun da na koma gudu.

Mai hankali zai ce to ka tsaya ka taka, ka huta, ka ci gaba, ai lokaci yana nan. Na ga wasu suna yin haka. Ni ban iya ba. Ban san yadda ake tsayawa ba dalili ba, a gaban jama'a, da lamba a ƙirji, kowa ya gane ka gaza. A wajen na tara na hango wani tsoho zaune a kan benci a ƙofar shago, da hula da carbi, irin dattawanmu sak. Na ji sanyi a raina. Na karkata wajensa, na rage gudu, na fara rusunawa na ce, "Fofo, Baba." Ya ɗago ya dube ni da mamaki, sai ya tafa hannu ya nuna mini titi yana cewa "Ale, ale," wato je ka, je ka. Ya ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake yi. Na miƙe na ci gaba, ina jin kamar an rufe mini ƙofa.

Daga nan ban tuna komai a jere ba. Na tuna Hamani ya zo ya wuce ni da ɗan gudunsa na tsofaffi wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ya dube ni, ya sassauta, ya ce, "Taka, taka kaɗan." Na girgiza kai. Ya tafi. Na tuna allon kilomita goma sha uku. Bayansa kaɗan ƙwaurina na dama ya ɗaure tamau, na hagu ya bi shi, titi ya juya, na ji kumatuna a kan kwalta mai zafi.

Na farfaɗo a cikin motar masu ba da agaji. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mini abin awon jini, ta duba, ta kira wani ya duba. Na ce su sauke ni, lokaci bai ƙare ba. Ta cire lambar daga ƙirjina da kanta, a hankali, ta ce da Hausa, "Yau dai an gama, Malam." Mu uku ne a motar. Sauran biyun samari ne, suna ta hira suna dariya, su baɗi za su dawo. Na juya fuskata ga bangon motar na yi kuka, ban damu da su ji ba.

Da yamma Ilu ya zauna kusa da ni a ƙofar rumbu, ya kawo shayi. Na gaya masa abin da na gano. Ya fara dariya, ya ce in lissafa masa mutanen da nake gaisarwa. Na fara kiran suna, tun daga bakin gari har dawowa. Yawancinsu ya san su. Da na wuce goma sha biyar ya daina dariya.

"Kai ba gudu ka kai ba," ya ce. "Zumunci ka kai da sauri."

Da wani lokaci ne da na rama. Ya ga ban rama ba. Can ya ɗauko takardar da aka ba duk wanda ya shiga tseren, mai hatimi da sunana, da Faransanci.

"Ga riga, ga takarda. Malam Aminu bai karatun Faransanci. Ni kau ban ga komi ba. Ka tai ka ce ka ƙare."

Ba zan ɓoye ba, na ɗauki shawarar nan na taho da ita. Ta zauna kusa da ni a mota tun daga Yamai har Ƙonni. Na shirya yadda zan faɗa, na shirya lokacin da zan ce na yi. A iyaka ban tarar da matashin jami'in nan ba, na gode wa Allah. Na iso gida da la'asar ina jan ƙafa. Hadiza ta dubi kumatuna da ya kuje, ta ɗora ruwan zafi, ba ta tambaye ni komai ba.

Washegari na shiga zauren Malam Aminu da takardar a aljihu. Muka gaisa. Ya jira. Na sa hannu a aljihu na taɓa ta, na dubi buzun da yake zaune a kai, wanda mahaifinmu ya zauna a kai shekara arba'in, na fito da hannuna ba komai.

"Ban ƙare ba, Yaya Malam. Na hwaɗi a hanya, mota tak kwashe ni."

"Sannu. Allah shi sa haka ta fi zama alheri."

Da na tsaya a nan da ya fi mini. Amma sai na shiga bayani, ina roƙo ba tare da na ce ina roƙo ba. Na gaya masa maganar gaisuwa da agogo. Na ce yanzu na gane kuskurena, ba ƙarfi na rasa ba, saba wa jiki gudu ba yankewa ne ban yi ba. In na samu wata shida ina yi ba tsayawa, zan gama. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi.

"Ba tsayawa," ya ce. "Wato ka iske dattijo zamne, ka wuce shi."

"Sai in ɗaga mai hannu."

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi a fuskarsa, da akwai da ya fi mini sauƙi.

"Nasiru, na ga yadda kaz zama lokacin da kar rufe shago. Ban son ka koma can. Alkawali kai kaɗ ɗauke shi, ni ban ɗaure ka ba, kuma na yafe ma shi. In kana iya wuce mutanen Malam ka ɗaga musu hannu, tai ka yi gudunka. Aji na jira."

Na fito da murna, ina ganin an sake ni. Na ba ƙafata kwana goma ta warke. Ranar sha ɗaya na yi asuba na kama hanya, na yi wa kaina rantsuwa ko wa na gani ba zan tsaya ba. Mutum biyu na farko na ɗaga musu hannu daga nesa na kau da kai. Na ji idonsu a bayana, amma na wuce. Na ce ashe ana iyawa.

A gaban wata rijiya, wajen Araba, akwai Malam Buba. Tare suka yi karatu da mahaifina, shi ya yi masa wanka da ya rasu. Idonsa ya tafi shekaru da yawa, kullum da safe ana shimfiɗa masa tabarma a bakin hanya ya sha hantsi. Ɗaga hannu ba ya yi masa amfani. Na hango shi tun daga nesa. Na koma ɗaya gefen hanyar inda rairayi ya fi laushi, na taka a hankali yadda ba zai ji ba, na riƙe numfashi. Na zo daidai shi. Na wuce shi da taki uku, huɗu, biyar.

"Ɗan Malam, kai na?"

Na ƙara taki biyu.

"Na san tahiyarka. Kwana da kwanaki ban ji ta ba, har na sa a tambayo ko lahiya."

Ƙafafuna suka tsaya. Na juya na dawo na durƙusa a gabansa, ya lalubo hannuna ya riƙe da nasa biyu. Ya tambayi Yamai, ya tambayi hanya, ya tambayi Hadiza da yara da Malam Aminu. Ya ce kullum in ya ji na wuce sai ya tuna mahaifina, shi ma haka yake da saurin ƙafa suna yara. Ya yi mini addu'a mai tsawo. Ina durƙushe ina jin numfashina yana dawowa, ƙafata tana hucewa, daɗin nan da na sani yana sauka a jikina, kuma na san ko shekara goma aka ba ni ba zan wuce tsohon nan ba. In ya mutu akwai wani a gaba. A garin nan aka haife ni, babu hanyar da zan bi da ba ta bi ta gaban wani ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiya ba, ko a cikin motar agaji.

Ya saki hannuna ya dafa kafaɗata.

"Tashi ka ci gaba, ɗana, kar in tsai da kai."

"A'a, Baba," na ce. "Nan na tsaya."

Na gyara zama a gefen tabarmarsa har rana ta ɗaga, sannan na taka zuwa gida. Washegari bayan asuba na ɗauki littafi na shiga ajin manya.